Ƙungiyoyin Ɗalibai a Tsangayar Shari'a: Wacce Za Ka Shiga, Kuma Me Za Ka Yi a Cikinta

A makon farko na shiga tsangayar shari'a, kafin ka gama gane ina ne ɗakin lakca ina ne laburare, 'yan ƙungiyoyi sun riga sun gane ka. Wannan ya miƙo maka fom ɗin kotun gwaji, waccan ta ce mujallarsu na neman sababbin hannu, wani kuma ya ja ka gefe ya raɗa maka cewa duk wanda bai shiga tasu ba ya yi sallama da samun aiki. Ni a shekarata ta farko wuri shida na rubuta sunana. Kafin zangon ya ƙare na daina leƙa huɗu, biyun da suka rage kuma ban tsinana musu komai ba ban da cika kujera, sannan na sha da ƙyar a jarrabawar dokar kwangila. Abin da ke tafe shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa min a wancan makon. Da "ka" zan riƙa magana don sauƙi, amma har da ke, 'yar'uwa.

Aji zai koya maka abin da doka ta ce. Tsayuwa gaban alƙali ba tare da gwiwa ta yi sanyi ba, zaro gaskiyar magana daga bakin mutumin da ya zo a ruɗe, rubuta shafi goma da babu jimla ɗaya marar madogara, waɗannan a wajen aji ake koyonsu, kuma mafi yawa a ƙungiya. Sharaɗin shi ne ka nutse a guda ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, balle shida.

Mataki na ɗaya: zangon farko na ido ne da kunne

Ka je tarukan gabatarwa duka in kana da hali, ka zauna a baya, kada ka biya kuɗin rajista, kada kuma ka karɓi wani muƙami. Karatun shari'a yana da nauyin da sabon shiga ba ya iya aunawa sai ya ɗan taɓa. Hukunci ɗaya na kotun ƙoli zai iya cinye maka yamma guda a karon farko. Sai ka san awa nawa karatunka ke ci a mako ne za ka san nawa ya rage maka na kyauta. Ƙungiyar kirki ba za ta rufe maka ƙofa don ka jira wata uku ba.

Mataki na biyu: gano inda kake da rauni

Yawancin ɗalibai suna bin abin da suka riga suka iya. Mai baki ya tafi muhawara, mai alƙalami ya tafi mujalla, kowa ya je ya ji daɗin a yabe shi. Ni shawarata akasin haka ce. Ɗauki takarda ka amsa wa kanka tambayoyi uku tsakaninka da Allah. In malami ya kira sunanka a aji, muryarka tana rawa? In an ba ka tambaya ka rubuta amsa, kana iya fara ta da matsayarka, ko sai ka yi ta kewaye? Ka taɓa zama da baƙon mutum ka saurari matsalarsa minti talatin ba ka katse shi ba? Tambayar da ta fi sa ka jin kunya, ita ce ke nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Mataki na uku: san irin ƙungiyoyin da ake da su

Sunaye suna bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma kusan ko'ina gidaje biyar ne.

Na farko kotun gwaji. Al'ada ce tsohuwa, tun zamanin da ake horar da lauyoyi a zaurukan Inns of Court na Landan ta hanyar sa su yin jayayya kan shari'ar da aka ƙirƙira. A nan ba a kiran shaidu. An riga an rubuta abin da ya faru, ku kuma aikinku gardama kan abin da doka ta tanada, kamar a kotun ɗaukaka ƙara. Babbar gasar duniya a wannan fanni ita ce Jessup, wadda aka fara a 1960, aka sa mata sunan Philip Jessup, Ba'amurken da ya yi alƙalanci a Kotun Duniya da ke Hague. Rikici ne tsakanin ƙasashe biyu na ƙage, kuma a Washington ake yin zagayen ƙarshe. Mai sha'awar dokokin kasuwanci gasar Vis ce tasa, wadda ake yi a Vienna tun 1994, da ƙanwarta a Hong Kong. Ita kan cinikin kaya tsakanin ƙasashe take, bisa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1980, kuma a gaban masu yanke hukunci da ɓangarori suka zaɓa a wajen kotu. A Afirka akwai gasar haƙƙin ɗan Adam da cibiyar Jami'ar Pretoria ke shiryawa tun 1992, wadda yanzu ke ɗauke da sunan marigayi Farfesa Christof Heyns. Ana kwaikwayon Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ne, kuma masaukin gasar yana zagayawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Gasar Jean-Pictet kuwa, da aka fara a 1989 kan dokokin yaƙi, daban take da sauran: ɗalibai uku ne, kuma maimakon doguwar takardar hujjoji, sai a ce musu yau ku ne masu ba janar shawara, gobe ku ne wakilan ƙungiyar agaji a sansanin fursunoni.

Na biyu su ne masu kwaikwayon zaman shari'a da shaidu, da masu gasar sulhu da ganawa da mai neman lauya. Mutane suna haɗa su da kotun gwaji, alhali sana'ar daban ce. A nan za ka koyi gabatar da shaidarka, da titsiye shaidar abokin hamayya, da cewa "ban yarda ba" a daidai lokacin da ya kamata. A gasar Brown-Mosten ɗalibai biyu ake ba wa wani ɗan wasa da ya zo a matsayin mai matsala, alƙalai na kallon yadda za su saurare shi. Ba ta da armashin kotun gwaji, amma lauya yakan yi irin wannan zaman sau ɗari kafin ya taka kotun ƙoli sau ɗaya, in ma ya taka.

Na uku cibiyar agajin shari'a, wadda wasu ke kira asibitin shari'a, inda ɗalibai ke taimaka wa marasa galihu a ƙarƙashin kulawar lauya. Ta Harvard tun 1913 take aiki. Shirin Street Law, da ɗalibai ke zuwa makarantun sakandare suna koyar da haƙƙoƙin yau da kullum, a Jami'ar Georgetown ya faro a 1972, ya bazu har Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe da dama. Innocence Project, mai amfani da gwajin ƙwayar halitta wajen wanke waɗanda aka ɗaure bisa kuskure, a makarantar lauyoyi ta Cardozo da ke New York Barry Scheck da Peter Neufeld suka kafa shi a 1992, tare da ɗalibai. A Najeriya ƙungiyar NULAI, da aka kafa a 2003, ita ta yi ruwa ta yi tsaki wajen yaɗa irin waɗannan cibiyoyi a jami'o'i.

Na huɗu mujalla. A Amurka ɗalibai ne ke tace manyan mujallun shari'a, har su mayar wa farfesa da rubutunsa ya gyara. Ta Harvard an kafa ta a 1887, kuma a 1990 Barack Obama ya zama baƙar fata na farko da ya shugabance ta. A sauran ƙasashe malamai sun fi riƙe ragamar, amma da wuya ka rasa wata mujallar ɗalibai ko da ƙarama ce.

Na biyar ƙungiyoyin zumunci, na ra'ayi, da na wakilcin ɗalibai. A Turai akwai ELSA, ƙungiyar ɗaliban shari'a ta nahiyar, da ɗalibai daga Austria, Hungary, Poland da Jamus ta Yamma suka kafa a Vienna a 1981, tun yaƙin cacar baki yana raba nahiyar. A Najeriya akwai LAWSAN, ƙungiyar ɗaliban shari'a ta ƙasa. A Amurka akwai Federalist Society ta masu ra'ayin riƙau, da ɗalibai suka assasa a 1982, da American Constitution Society ta 2001 a ɗaya ɓangaren. Akwai kuma na addini, na mata, na 'yan jiha ɗaya ko ƙasa ɗaya. Amfaninsu mutane ne: tsofaffin ɗalibai da za su nuna maka hanya, da wurin da za ka huce in karatu ya matse ka. Abin lura kawai, shiga ƙungiyar ra'ayi tamkar sa riga ce, za a daɗe ana ganinka da ita.

Tsarin da ya fi yi wa mutane aiki shi ne guda ɗaya mai nauyi daga huɗun farko, da guda mai sauƙi daga ta biyar.

Mataki na huɗu: binciki ƙungiyar kafin ka sa hannu

Kada ka tambayi shugabanta, domin tallar hajarsa yake yi. Nemi wanda ya shekara a ciki ba shi da muƙami, in ma ka samu wanda ya fita ya fi. Ka tambaye shi me suka yi a zangon da ya wuce, da kwanan wata. Wane malami ne ke kula da su, kuma yana zuwa ko sunansa ne kawai a takarda? Ta yaya ake zaɓen waɗanda za su wakilci makaranta a gasa, da gwaji a fili ko da sanayya? Sabon shiga yana taɓa aikin gaske, ko jera kujeru ne rabonsa har ya kai aji uku? Ƙungiyar da ke da muƙamai goma sha biyu amma ba ta iya nuna maka abu ɗaya da ta kammala bara, ka gode musu ka wuce.

Mataki na biyar: yi lissafin lokaci a rubuce

Ɗauko kalandar makaranta ka ɗora ta a kan ta ƙungiyar. A gasar Jessup, alal misali, a watan Satumba ake fitar da shari'ar, a Janairu ake miƙa rubutattun hujjoji, sannan zagayen ƙasa ya biyo baya, a ƙarƙare a Washington wajen ƙarshen Maris ko Afrilu. Ta Vis a Oktoba take fitowa, takardar mai ƙara a Disamba, ta wanda ake ƙara a Janairu. Ka ga ke nan aikin rubutun yana faɗowa daidai lokacin da jami'o'i da yawa ke jarrabawa, kuma hutunka ya tafi. Ka san wannan tun kafin ka ce to. Ka sa wa kanka iyaka da lamba, misali awa shida a mako in ba lokacin gasa ba, kuma makonni biyu kafin jarrabawa ka sanar da kowa cewa ka ɓuya. Babu kofin da zai goge faɗuwa daga takardar sakamakonka.

Mataki na shida: in kotun gwaji ka zaɓa

A nan zan daɗe, don a nan na fi ganin ana tafka kuskure.

Gwajin shiga yawanci minti biyar ne zuwa goma a gaban manyan ɗalibai ko malami. Sun san ba ka san dokar ba tukuna. Abin da suke dubawa shi ne me kake yi in an katse ka.

In an ɗauke ka, fara da karanta shari'ar da aka bayar sau uku kafin ka buɗe wani littafi. Karatu na farko don labari. Na biyu da alƙalami, kana jera abubuwan da suka faru bisa kwanan wata. Na uku kana raba su gida biyu: wanda ke taimaka wa mai ƙara da wanda ke taimaka wa wanda ake ƙara. Masu rubuta irin wannan shari'a ba sa saka jimla a banza. In sun ce wasiƙar ta iso bayan kwana biyu, akwai wa'adin da suke so ka tuna. In sun ce ƙasar ta sa hannu a yarjejeniya amma ba su ce majalisarta ta amince ba, tarko ne aka ɗana.

Sai bincike. Ku raba tambayoyin a tsakaninku, amma kowa ya karanta na kowa, domin alƙali ba ruwansa da wa ya rubuta wane sashe. Ku fara da tushe. A dokar ƙasa da ƙasa, sashe na 38 na dokar da ta kafa Kotun Duniya shi ya jera madogaran: yarjejeniyoyi, al'adar da ƙasashe suka ɗauka a matsayin doka, da ƙa'idojin doka na gama-gari, sannan hukunce-hukuncen kotu da rubutun masana a matsayin mataimaka. Ɗalibin da ya kafa hujjarsa kan maƙalar wani farfesa alhali akwai yarjejeniya a kan batun, ya fara gini daga rufi. Kuma duk hukuncin da za ka ambata, ka karanta shi da idonka har sakin layin da kake nufi. Taƙaitawar intanet da amsar manhajojin ƙirƙirarriyar basira ba madogara ba ne. An riga an hukunta lauyoyi a New York a 2023 saboda sun miƙa wa kotu hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙira. Ka kuma duba dokar gasarku, don wasu sun taƙaita amfani da irin waɗannan manhajoji.

Wajen rubutu, kowane kan magana ya zama matsaya cikakkiya. "Batun hurumin kotu" ba ya gaya wa alƙali komai. "Kotu na da hurumi domin ƙasashen biyu sun amince da shi a rubuce" ya riga ya fara yi maka aiki. A ƙarƙashinsa sai doka, sai yadda ta hau kan abin da ya faru, sai abin da kake roƙo. Hujjar da ta fi yi maka illa kada ka ɓoye ta. Kawo ta da kanka ka nuna me ya sa ba ta shafi wannan shari'ar ba, domin in ka yi shiru abokin hamayya zai ɗauko ta ya ce ka gudu. Dokokin gasa kan yawan kalmomi, tsarin shafi da lokacin miƙawa kuwa, rage maki ake yi in an saɓa su. Ku sa wa kanku wa'adi kwana uku kafin na gaskiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai tsayuwa. A Jessup kowane ɓangare minti arba'in da biyar gare shi, mutum biyu ke raba su, har da na martani. Kada ka haddace jawabi. Ni na haddace nawa tsaf a gasata ta farko, shafi bakwai. Ban gama jimla ta uku ba wata alƙaliya, tsohuwar lauya ce da aka gayyato, ta cire tabarau ta ce, "Lauya, a wane sakin layi aka ce gwamnati ce ta tura mutanen nan?" Na ce, "Ya mai shari'a, zan zo kan wannan nan gaba." Ta ce, "Ai ni na riga na zo." Ɗakin ya yi tsit. Na juya takarduna, na sake juyawa, abokiyar tafiyata tana turo min 'yar takarda a ƙarƙashin tebur ban ma gani ba. Gaskiyar magana babu inda aka faɗi hakan, ni ne na ɗauka haka tun karatun farko kuma na gina rabin hujjata a kai. Bayan an tashi ta kira ni ta ce, "Ɗana, tambaya ba faɗa ba ce. Ina nuna maka inda nake da shakka ne don ka cire min ita."

Tun daga ranar na sauya tsari. Takarda ɗaya nake hawa da ita: matsaya uku, madogarar kowacce, da lambobin sakin layi. In an yi tambaya, alƙalami ƙasa, baki rufe har a gama. Amsa ta fara da "e" ko "a'a", dalili ya biyo, sannan a koma kan hanya. In ba ka san hukuncin da aka ambata ba, ka ce ba ka san shi ba, ka roƙi a ba ka damar amsawa bisa ƙa'idar da ka sani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma alƙalin ya fi ka sanin hukuncin da ya tambaya. In lokaci ya ƙare kana tsakiyar magana, ka tsaya ka nemi izinin ƙarasawa, in an ba ka kuma jimla biyu ta isa. Martani ba wurin maimaita jawabinka ba ne. Zaɓi abu biyu da abokin hamayya ya faɗa da bakinsa ka rushe su.

Atisaye shi ne sauran. Ku riƙa sauya masu zama a kujerar alƙali: malamai, lauyoyi, har da abokin da ba shari'a yake karanta ba, don shi ne zai gaya maka in maganarka ba ta da ma'ana. Ku ɗauki kanku a waya ku kalla, duk da ba daɗi. Ka kuma yi gardamar ɓangaren da ba naka ba aƙalla sau biyu.

Mataki na bakwai: in cibiyar agaji ka zaɓa

Nan wasa ya ƙare, domin mutumin da ke gabanka ba ɗan wasa ba ne. Wataƙila uwa ce da ɗanta ya shekara a tsare yana jiran shari'a, ko ma'aikacin da aka sallama ba a biya shi haƙƙinsa ba. Abu na farko da za ka faɗa masa shi ne kai ɗalibi ne, ba lauya ba, kuma duk shawarar da za ta fito sai ta bi ta hannun lauyan da ke kula da ku. Zai matsa maka, zai ce, "To kai a ganinka zan yi nasara?" Kada ka yi alkawari. Ka ce za ka kai maganar gaba, ka faɗa masa ranar da zai ji daga gare ku, kuma ka cika ko da babu sabon labari.

A ganawar farko bar shi ya zuba labarinsa yadda ya ga dama, sannan ka dawo da shi farko kana tambayar yaushe, a ina, wa ya gani, akwai takarda. Kwanan wata ya fi komai muhimmanci, saboda ƙararraki da yawa suna da wa'adin shigarwa, in ya wuce kuma gaskiyarka ba za ta cece ka ba. Kafin ya tashi ka maimaita masa abin da ka fahimta ya gyara maka. Ka rubuta rahoton ganawar a ranar, ka saka a fayil. Takardunsa na asali ka ɗauki kwafi ka mayar masa.

Sirri kuwa babu sassauci a kansa. Ba a ba abokin ɗaki labari, ba a sa hoton takarda a zauren WhatsApp na 'yan aji, ba a rubuta "yau na ga abin tausayi" a Facebook ko da an ɓoye suna. In ka gano wanda ake ƙara ɗan'uwanka ne ko saninka, ka sanar da lauyan nan take a ba wani fayil ɗin. Kuma kada ka karɓi ko sisin kowa, ko da da sunan na gode.

Mataki na takwas: in mujalla ce

Ka shirya wa aikin da babu tafi a cikinsa. Shekararka ta farko bin bayanan ƙasan shafi za ka yi ɗaya bayan ɗaya, kana buɗe kowace madogara don tabbatar da cewa ta faɗi abin da marubuci ya ce ta faɗa. Ka koyi tsarin ambaton da mujallarku ke bi, ko Bluebook na Amurka ne, ko OSCOLA na Oxford, ko na ƙasarku. In lokacin naka rubutun ya zo, ɗauki hukunci ɗaya sabo ka faɗi inda kake ganin kotu ta dace ko ta kauce. Wanda ya ce zai rubuta kan "matsalolin shari'a a duniya" ba zai gama ba.

Mataki na tara: muƙami, kuɗi da miƙa ragama

Kada ka nemi muƙami sai ka shekara kana aiki. In ka samu, karanta kundin tsarin ƙungiyar da dokokin jami'a kan tarukan ɗalibai a makon farko. Abin kunya ne ɗaliban shari'a su karya tsarin da suka rubuta da hannunsu, amma kullum ana yi, musamman lokacin zaɓe.

Kuɗi shi ke kashe ƙungiyoyi. Kada kuɗin ƙungiya ya kwana a asusun mutum ɗaya, ko da waliyyi ne. Sa hannun mutum biyu kafin a cire, rasit ga kowane kashewa, rahoton ma'aji a gaban mambobi kowane zango. Wannan kariya ce ga shi ma'ajin kansa, domin a ƙasashe da yawa ana duba halin mutum kafin a rantsar da shi lauya, kuma zargin cin kuɗin ɗalibai yana iya bin sa har can. In za ku nemi tallafin tafiya gasa daga ofisoshin lauyoyi ko tsofaffin ɗalibai, ku fara watanni kafin lokaci, da wasiƙar shafi ɗaya mai ɗauke da kasafi dalla-dalla da sa hannun shugaban tsangaya. In kun dawo, ko kun ci ko ba ku ci ba, ku aika musu rahoto. Masu biza da fasfo su fara nema ranar da aka tabbatar da sunayensu.

Baƙon da kuka gayyata ya yi lakca, alƙali ne ko babban lauya, ku fara a kan lokaci ko da mutum goma ne a ɗakin. Na ga wanda aka bari zaune awa ɗaya da rabi ana neman makullin zaure. Bai sake amsa gayyata ba, waɗanda suka zo bayanmu ne suka biya bashin.

Wata uku kafin ka sauka, ka fara jan wanda zai gaje ka zuwa kowane taro. Ka bar masa fayil guda: kalandar shekara, lambobin sirrin imel da shafukan ƙungiya, sunayen masu tallafi, tsofaffin rubutattun hujjoji da takardun makin alƙalai, da jerin kurakuran da kuka yi. Ƙungiyoyin ɗalibai da yawa kowace shekara daga sifili suke farawa, don kawai wanda ya san komai ya kammala ya tafi da shi a kansa.

Mataki na goma: fita, da abin da za ka tafi da shi

In ƙungiya ta fara cin karatunka ko lafiyarka, ko ka ga shekara ta zagayo ba ka koyi sabon abu ba, ka fita. Amma ka fita ta ƙofa: ka sanar a rubuce, ka ƙarasa abin da ke hannunka ko ka miƙa shi ga wani da sunansa. Ba a barin tawagar gasa mako biyu kafin miƙa takarda, ba a kuma barin fayil ɗin mai neman agaji a aljihun tebur. Waɗannan 'yan ajin naka su ne lauyoyin da za ka tarar a ɗaya ɓangaren gobe, wani ma a kujerar alƙali, kuma ba sa mantawa.

Tun yanzu ka buɗe littafi kana rubuta abin da ka yi, da kwanan wata: shari'ar da ka yi gardama a kai, ɓangaren da ka tsaya wa, mutum nawa ka gana da su, wace maƙala ka tace. Ka adana rubutunka mafi kyau, don ofisoshin lauyoyi sukan nemi samfurin rubutu, amma na cibiyar agaji ba ya fita sai da izinin lauya kuma an goge duk abin da zai tona mai shi. Ka nemi takardar shaida daga malamin da ya kula da ku tun yana tuna fuskarka. A takardar neman aiki, "mamba" ko "mataimakin sakatare" ba sa ɗaukar ido. Rubuta cewa ka tsara hujjar hurumin kotu ga mai ƙara, ka kuma tsaya a zagaye huɗu. Sannan daren da za ka je ganawar neman aikin ka sake karanta takardar, domin mai tambayar zai iya jingina da kujera ya ce, "To, Malam, mece ce hujjar ɗaya ɓangaren, kuma me ka ce musu?"